Ta Kurin da Aka Manta

Sunanta na yanka Rabi'atu, amma tun tana rarrafe babu wanda ya taɓa wahalar da bakinsa ya kai ƙarshensa. Rabi ake cewa a gidansu da ke Ringim, Rabi malamin allo yake kira, Rabi kuma aka buga a fasfo, aka bi shi da sunan mahaifinta, Malam Nu'uman tela. Ba ta yi nisa a boko ba. A allo dai ta san baƙi da wasali, tana karanta Alƙur'aninta a hankali, yatsa a kan layi.

Mijinta Inuwa direban a-kori-kura ne, yana ɗaukar tattasai da albasa zuwa kasuwannin ƙauye. Mutum ne marar yawan magana, mai tafiya kamar yana tsoron taka wani abu. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa kama sunansa ba. Malam take ce masa. Ko wani Inuwan daban za ta ambata, sai ta ce mai sunan Malam. Shi ma ba ya kiran nata. 'Yar Tela yake cewa idan yana cikin nishaɗi, idan kuwa ba ya ciki, sai ya yi gyaran murya kawai, ta san da ita ake.

Da motar ta gaji ta kwanta a bakin gareji, aka rasa yadda za a tashe ta, sai Inuwa ya bi ayarin masu zuwa Riyad. Ya samu aiki a wata ma'ajiyar kaya da ke unguwar Sulai, yana tuƙa 'yar motar nan mai ƙahonni biyu da ake ɗaga kwalaye da ita. Bayan 'yan shekaru Rabi ta bar 'yarsu ɗaya tilo, Kamila, a hannun kakarta, ta biyo shi. Ba a matsayin matarsa ta shigo ba, don irin aikinsa ba ya ba mutum damar kawo iyali. Ta shigo ne a matsayin shagala, 'yar aikin gida, da nata kafilin mai ɗaukar nauyinta da tata iƙamar, wato katin zama, a gidan wata dattijuwa da ake kira Ummu Fahad. Gari ɗaya suke, amma shi yana kwana a ɗakin ma'aikata da maza cunkus, ita kuma a wani ɗan ɗaki kusa da kicin.

Kafin ya bar gida, Inuwa ya je kotu ya karɓi takardar shaidar aurensu, don an ce masa a can ana iya tsayar da namiji da mace a tambaye su mene ne tsakaninsu. Da Rabi ta iso, sai ya kai takardar wani shagon tarjama a kasuwar Batha, a saman bene, a juya ta zuwa Larabci. Mai shagon yana danna na'ura, yana waya, yana shan shayi. Ya tambayi sunan ɗaya mutumin. Inuwa ya ji nauyin ya faɗi sunan matarsa a gaban layin maza, sai ya sa yatsa ya nuna inda aka rubuta shi da boko. Mutumin ya leƙa, ya buga abin da kunnensa ya saba ji, ya danna hatimi. Inuwa ya ajiye ta asalin a ƙasan akwatinsa, ya ba Rabi ta Larabcin.

Ta buɗe ta a gabansa. Babu wasali ko ɗaya, don haka ba ta iya karanta komai ba, amma ta bi da yatsa har ta ci karo da baƙaƙen da ta gane.

"Ra, ba, ya, an baki wofi," in ji ta. "Malam, ga ni nan."

"To, kin zama ta gwamnati ke nan, 'Yar Tela."

Ta naɗe takardar a leda, ta sa a aljihun cikin jakarta. Shekaru suka shuɗe, babu mahaluƙin da ya taɓa cewa ta nuna.

Ranar Juma'ar da aka ba ta hutu, a Batha suke haɗuwa, a wani lungu bayan shagunan aika kuɗi, inda Sahadatou 'yar Damagaram take sayar da tuwo da miyar kuka. Akwai labule a tsakiya, maza a gaba, mata a baya wajen tukwane. Inuwa yakan zauna a bencin da ke jikin labulen, Rabi ta zauna ta ɗaya gefen, kafaɗarsa tana tura yadin har ta taɓa tata. Nan suke kiran Kamila a waya. Nan take miƙa masa yajin da ta daka a turmin Ummu Fahad.

"Ku dai wannan labulen nawa za ku cinye," Sahadatou takan ce. "Inuwa, idan ya yage kai za ka ɗinka, tunda ka auri 'yar tela."

A shekarar ƙarshe, hirar mazan ta koma kan abu ɗaya. Kowa da wayarsa a hannu, ana ta muhawarar ƙasashen da suke ɗaura wa namiji da namiji aure, har su ba su takarda da hatimi, da kuma ƙasashen da ake ja-in-ja a cikinsu kan ko gwamnati ta karɓi irin wannan takarda idan an zo da ita daga waje. Wani ya ce ya ji yanzu ma'aikatan ofis suna ƙura wa kowace takardar aure ido. Wani ya ce ƙarya ne, ba su da lokacin kowa. Zayyanu, abokin ɗakin Inuwa, ɗan Gumel da ya daɗe a ƙasar har Larabci ya zauna a bakinsa, shi ne mai fassara musu abin da ake faɗa a bidiyon. Rabi tana ji daga bayan labule, tana tsince wake. A ganinta magana ce ta wata duniya, irin labarin dusar ƙanƙara.

Wata Talata da zafi ya kai inda ya kai, tana wanke shinkafa wayarta ta yi ƙara. Zayyanu ne. Ya yi sallama, ya sake yin sallama. Inuwa ya sauko daga motarsa bayan azahar, ya ce ƙirjinsa ya riƙe, ya zauna a kan wani kwali. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ta yi salati. Ta rufe famfo. Abin da ta fara tambaya shi ne yaushe za a yi sutura, don a Ringim wanda ya rasu da azahar ba ya kai magariba a doron ƙasa.

"Yaya Rabi, nan ba haka ba ne," in ji Zayyanu. "Sai an gama takardu. Kuma sai wani nasa na jiki ya sa hannu cewa ya yarda a binne shi a nan. Yanzu dai yana tallaja."

Ta san kalmar. Ita ce Ummu Fahad take faɗa kullum idan tana son a ɗauko mata nono ko a mayar da ragowar nama. Rabi ta juya ta kalli firjin kicin ɗin, dogo, fari, yana gurnaninsa.

"To ai ga nasa na jiki," ta ce. "Ga ni."

Ummu Fahad, wadda ita ma ta daɗe da binne nata mijin, ba ta ja magana ba. Washegari ta sa direbanta ya kai Rabi ofishin da ake sa hannun, Zayyanu yana jiranta a bakin ƙofa. Suka bi layi har suka isa gaban wani ma'aikaci matashi, mai gyararren gemu, a bayan gilashi. Zayyanu ya yi bayani. Ma'aikacin ya dubi Rabi, ya yi tambaya.

"Yana so ki faɗi sunan mijinki," in ji Zayyanu.

"Kai ka faɗa masa mana."

"Ya ce daga bakinki."

Ta dubi ƙasa. Akwai maza a bayanta, wasu ma Hausawa ne, tana jin numfashinsu. Ta tuna mutumin yana kwance cikin sanyi tun jiya, shi da ko fanka ba ya so ta same shi kai tsaye.

"Inuwa," ta ce. Sunan ya fito mata kamar ta tauna tsakuwa a cikin tuwo. "Inuwa Salisu."

Ta kwance ledar, ta tura takardar ta ƙasan gilashi. Ma'aikacin ya karanta. Ya sake karantawa. Ya ɗago ya dube ta daga sama har ƙasa, ya kira na kusa da shi ya nuna masa. Wancan ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya faɗi wani abu, na farkon bai yi dariya ba. Ya ɗaga murya yana buga takardar da bayan yatsa. Rabi ta tsinci kalma ɗaya, mamnu'u, wato an hana. Ta ga wuyan Zayyanu ya jiƙe da gumi, yana ta rantsuwa yana nuna ta.

Sai da suka fito waje, ƙarƙashin wata 'yar inuwar gini, ya iya dubanta.

"Me ya ce?"

"Yaya Rabi, wa ya yi muku wannan tarjamar?"

"Me ya ce, Zayyanu?"

"Abin da aka rubuta a nan Rabi'u ne. Rabi'u Nu'uman. A wajensu sunan namiji ne tsantsa. Naki da alu yake bayan ra, kuma da ta kuri a ƙarshe. Ta kurin nan ita ce take nuna mace. Babu ita."

Ta san ta kuri. 'Yar dunƙulalliyar nan mai ɗigo biyu a ka, wadda malaminsu yake cewa ta yi kama da mace ta ɗauko tulu.

"To ba an rubuta mata da miji ba?"

"Ba a rubuta ba. Mutumin ya ɗauko irin takardar da suke yi wa 'yan kasuwa ne. Ɓangare na farko, Inuwa. Ɓangare na biyu, Rabi'u. An ɗaura musu aure." Ya goge fuska da hularsa. "Ya ce ko dai takardar ta wani ce kika ɗauko, ko kuma irin auren can ne da ake ta magana, kuma wai mu gode Allah bai kira mana 'yan sanda ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi takardar, ta mayar cikin leda, ta ɗaure bakin kamar yadda ta saba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, duk tsawon shekarun nan tana yawo da wannan abu a jikinta, tana shafa shi ta bayan jaka idan ta ga motar 'yan sanda, tana jin ta tsira.

Daga nan aka shiga zagaye. Suka koma da iƙamarta, inda aka rubuta sunan daidai, da ta kurinsa. Aka ce to wannan ai ya ƙara nuna mutum biyu ne daban, ga Rabi'a a kati, ga Rabi'u a takarda. Aka ce su kawo ta asalin. Ta asalin tana cikin akwatin Inuwa, akwatin kuma kamfani ya kulle shi a ofishin mudir, wato manaja, ba za a ba kowa ba sai magajin da takarda ta tabbatar. Zayyanu ya roƙa a buɗe a gabansu a zaro takarda ɗaya kawai. Mudir ya ce shi ma umarni aka ba shi, bukra, wato gobe, in sha Allahu. Suka hau benen nan na Batha neman mai tarjama, suka tarar ana sayar da akwatunan tafiya a wurin, yaran shagon ba su ma san an taɓa yin wani abu daban a ciki ba. Ta kira gida a je kotu a karɓo wata. Aka ce sai an nemo tsohon kundi, sannan a kai Abuja a buga hatimi, sannan a aiko. Shaidun aurenta kuwa, waɗanda suka ci goron, rabinsu suna maƙabartar Ringim.

Sai Zayyanu ya kira Jibrin, yayan Inuwa, ya ce ya fara haɗa tasa takardar ta ɗan'uwa, ko ita za ta riga isowa.

Magana ba ta ɓuya a Batha. Waɗanda suke bayanta a layi ranar nan sun kai ta lungun tuwo kafin ita ta kai. Juma'ar da ta je don ta gana da Zayyanu, tana zaune a bayan labule, ta ji wani yana cewa, "Ashe Inuwa shiru-shirun nan da Rabi'u yake zaune ba mu sani ba." Aka yi dariya, ba da yawa ba, irin wadda ake yi ana waige.

Sahadatou ta yaye labulen da ludayi a hannu.

"Wane ne? Kai ne, Maulud? Mutum yana kwance ba a rufe shi ba, kai kana nan kana wasa da sunansa da miyata a gemunka? Tashi. Ajiye kwanon. Ka je ka duba taka takardar, wataƙila da raƙumi aka ɗaura maka."

Maulud ya fita yana gunaguni. Amma Rabi ba ta sake zama a wannan bencin ba.

Ta shiga takaba a kicin ɗin mutane. Ta cire 'yan kunnenta, ta daina sa kwalli, ta ajiye turare. Fitar da take yi ta neman takarda ce kawai, ta tambayi wani malami a waya ya ce lalura ce. Aiki bai tsaya ba, don gidan ba su san wata shagala mai takaba ba, a takardunsu ma ba ta da miji. Abu ɗaya ne ya gagare ta. Idan ta kama hannun firjin nan ta ja, sanyin ya bugi fuskarta, sai ta kasa ɗauko komai. Takan tsaya riƙe da ƙofar, tana kallon kajin da aka jera a leda. Ummu Fahad ta lura. Daga ranar, da safe sai ta taso da sandarta, ta buɗe da kanta, ta fito da duk abin da za a dafa ta jera a kan tebur. Ta kuma yi wa ɗanta magana ko zai sa baki. Ɗan ya ce maganar akwai ƙura a cikinta, kada sunan gidansu ya shiga.

Wata ya mutu, wani ya kama. Rabi ta rage roƙonta. Da farko tana so ne a ce ita ta sa hannu. Daga baya ta ce ko wa zai sa, a dai rufe shi. Abu ɗaya ta riƙe: a gida, kafin a ɗauki namiji, ana kiran matarsa ta shigo ta durƙusa a kansa, ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa, ta nemi shi ma ya yafe mata. Ta ga an yi wa mahaifiyarta haka. Wannan kaɗai take so.

Takardar Jibrin ce ta riga isowa. Ya wakilta Zayyanu. Ranar da za a fito da gawar Inuwa, direban Ummu Fahad ya ajiye Rabi a bayan asibitin da hantsi. Akwai wata ƙofar ƙarfe da mai gadi zaune a gefe da takarda a hannu. Ya duba, ya ga sunan Zayyanu, ya ce ya shiga. Rabi ta matso.

"Matarsa ce," in ji Zayyanu da Larabci. Wannan kam ta gane.

Mai gadin ya sake duba takardar, ya juya bayanta, ya girgiza kai. Ba da faɗa ya yi ba. Ya ma dafa ƙirji yana ba da haƙuri. A rubuce dai mamacin ba shi da iyali a ƙasar.

"Ka shiga," ta ce wa Zayyanu. "Kada su fasa. Ka duba mini fuskarsa."

Ta koma gefe ta tsaya a rana, inda ake ajiye motoci. Can sai ga wata farar mota ta fito a hankali, gilasanta a rufe. Dole ta tsaya a bakin shingen fita kafin a ɗaga mata ƙarfe. Rabi ta taka da sauri ta isa bayanta, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙofar. Ƙarfen yana da zafi kamar murfin tukunya, ba ta ɗauke ba.

"Malam," ta ce, "na yafe maka duniya da lahira. Ka yafe mini. Ka yafe mini sunanka da na kama a gaban maza, ban san ba zai yi amfani ba."

Aka ɗaga shingen. Motar ta zame daga ƙarƙashin hannunta.

Bayan la'asar Zayyanu ya kira ya ce an rufe shi, mutane sun zo daidai gwargwado, har da Maulud. Ta tambaye shi fuskar. Ya ce lafiya lau, kamar yana barci. Daga yadda ya yi saurin faɗa ta gane ba haka ba ne, ba ta sake tambaya ba. Kaburburan can ba a rubuta suna a kansu, dutse ne kawai a kai da ƙafa. Da ya koma ziyara daga baya, ya ce an ƙara layuka da yawa, bai iya rantsewa wanne ne ba.

Akwatin ma Zayyanu aka ba. Ya kawo mata shi a lungun Sahadatou. A ciki akwai kayan aikinsa, da carbi, da kwalbar yajin da bai ƙare ba, a can ƙasa kuma takardar kotun Ringim, lafiyarta ƙalau, an rubuta miji an rubuta mata. Sahadatou ta ce a kai musu su gani, ko don su ji kunya. Rabi ta ce a kai wa wa, an riga an rufe.

Har yanzu tana gidan Ummu Fahad, don Kamila ta shiga makarantar koyon jinya, kuma babu mai riƙe ta sai ita. Takabarta ta ƙare ba wanda ya zo yi mata wankan fita, ita ta ɗebi ruwanta ta yi. Tana buɗe firji yanzu, amma takan kawar da fuska gefe. Idan sabuwar yarinya ta zo aiki a unguwar daga Maraɗi ko Kano, Rabi takan ja ta gefe ta ce duk takardar da aka ba ta, ta nemi mai Larabci ya karanta mata da ƙarfi, tun daga sama har ƙasa. Idan kuma suka tambayi sunanta, takan faɗe shi duka, ta ja ƙarshen, Rabi'atu.

Takardar Bathan tana nan a ledarta. Wata rana bayan ta idar da walaha, ta ari biron da Ummu Fahad take yi wa magungunanta alama da shi, ta shimfiɗa takardar a kan teburin kicin, ta nemo wurin da yatsa. Ta zana 'yar ta kuri a ƙarshen sunan, ta ɗiga mata ɗigo biyu. Ta fito a karkace, tawadar ma ba iri ɗaya ba ce. Babu ofishin da zai karɓe ta. Ta hura mata iska ta bushe, ta naɗe, ta koma kan albasarta.